Yadda Ake Yaba wa Mai Jawabi da "You nailed it" ba Tare da An Yi Kuskure ba

Duk wanda yake halartar tarukan ilimi a Damagaram ya lura cewa Ingilishi ya fara samun wurin zama a ɗakunan da a da Faransanci da Hausa kaɗai ake ji a cikinsu. Malamai sukan zo daga Kano da Zariya su gabatar da bincikensu, ƙungiyoyi sukan shirya horo da baƙin da ba su jin Faransanci, ɗaliban Jami'ar André Salifou kuma suna bin laccoci ta intanet daga ƙasashen da ba su taɓa takawa ba. Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasar Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, bukatar iya ƴan kalmomin ladabi da Ingilishi ta ƙaru ga ma'aikaci da ɗalibi baki ɗaya. Abin da na fi gani yana ba mutanenmu wuya shi ne ɗan lokacin nan da ke biyo bayan tafi, sa'ad da mai jawabi ya sauko, mutum yana so ya gaya masa cewa ya burge shi, amma kalmomin da suka dace sun ƙi zuwa bakinsa. Bahaushe ya ce yabon gwani ya zama dole, saboda haka bai kamata rashin jimla ɗaya ya hana mu sauke wannan nauyi ba.

Jimlar da za mu duba ita ce "You nailed it", wadda masu jin Ingilishi a Amurka da Ingila suke yawan faɗa wa wanda ya yi abu ya yi shi daidai, babu ragi babu ƙari. Kalmar "nail" ƙusa take nufi, idan kuma aka yi amfani da ita a matsayin aikatau tana nufin kafa abu da ƙusa. Wanda ya taɓa tsayawa wurin kafinta a Sabon Gari ya ga yadda gwani yake kafa ƙusa ta shige tsaf ba ta lanƙwashe ba, ya riga ya fahimci hoton da ke cikin maganar. Ana faɗinta ga mawaƙin da ya rera waƙa ba tare da muryarsa ta kauce ba, da ɗan wasan motsa jiki da ya dira da ƙafafunsa cak, da wanda ya amsa tambayoyin neman aiki yadda ya kamata, haka nan ga wanda ya tsaya gaban jama'a ya yi jawabin da ya gamsar. A Hausa abin da ya fi kusa da ita shi ne "ka ciri tuta" ko "ka gama magana", idan kuwa mai jawabin namu ne, yana wakiltar ajinmu ko ma'aikatarmu, to "ka fitar da mu kunya" ce ta fi kama da abin da zuciya take so ta faɗa.

Farkon abin da za ka gyara shi ne furuci, domin wanda ya fara karatu da Faransanci yakan karanta kalmar yadda idonsa ya saba. Ba a raba "nailed" gida biyu a ce "nai-led", gaɓa ɗaya ce tak, kuma harafin "e" da ke cikinta ba a furta shi. Ka ce "neil", ka ja wasalin kaɗan, sannan ka ɗauki "d" ɗin ƙarshe ka manna shi da kalmar da ke biye, sai jimlar ta fito kamar "yu neil-dit", tare da ɗora nauyin murya a kan "neil". Mu Hausawa harshenmu yana son sanya wasali tsakanin baƙaƙe biyu, don haka sai ka kula kada ta zama "neilid it". Haka kuma kalmar "talk", wadda za ka bukata sau da yawa a wannan fage, ba a furta "l" ɗinta, ana cewa "tok" ne da dogon wasali.

Ta fuskar nahawu abin ba shi da wahala. Jimlar tana zuwa ne a sigar abin da ya wuce, tunda jawabin ya riga ya ƙare, kuma ba ta bukatar wata kalma tsakanin aikatau da "it". Idan kana ba wani labari sai ka ce "She nailed it" ko "He nailed it", idan kana so ka ƙara mata ƙarfi sai ka ce "You really nailed it" ko "You absolutely nailed it". Kana iya cire "it" ka sa sunan ɓangaren da ya fi burge ka, kamar "You nailed the introduction" ga wanda ya iya buɗe jawabi, ko "You nailed that last question" ga wanda ya warware tambaya mai sarƙaƙiya a ƙarshe. Kafin jawabi kuwa, idan abokinka yana fargaba, kana iya ƙarfafa masa gwiwa da "You are going to nail it". Abu guda da ya zama wajibi ka kiyaye shi ne kada ka taɓa sa mutum a gurbin "it". Idan ka ce "You nailed him", ma'anar ta koma kama mai laifi ko kayar da abokin gardama, a wasu bakunan ma tana ɗauke da ma'anar batsa wadda ba ta dace da kowane taro ba.

Yanzu mu zo kan abin da na ɗauka shi ne ƙashin bayan wannan darasi, wato sanin wanda ake faɗa wa jimlar. "You nailed it" magana ce ta tsara da tsara, ko ta babba zuwa ƙarami. Ɗalibi yana iya faɗa wa ɗan ajinsu bayan ya kare kundin bincikensa, ma'aikaciya tana iya faɗa wa abokiyar aikinta bayan ta gabatar da rahoto, malami kuma yana iya faɗa wa ɗalibinsa, har ma yabon ya fi daɗi idan daga bakin malami ya fito. Amma a cikin jimlar akwai ɗan ƙamshin hukunci, kamar mai faɗinta ya auna aikin ya ga ya cika mudu, kuma wannan ne ya sa ba ta hawa sama da sauƙi. Na taɓa ganin wani ɗalibi mai hazaƙa, wanda ya koyi Ingilishinsa daga bidiyoyin intanet, ya tari wani dattijon farfesa da ya zo daga Najeriya ya ce masa "You nailed it, sir", yana murmushi da zuciya ɗaya. Dattijon ya yi godiya cikin mutunci, amma waɗanda suke tsaye kusa sun ji abin wani iri, kamar a ce yaro ya dafa kafaɗar limamin Juma'a bayan huɗuba ya ce masa "ai ka yi ƙoƙari". Yaron bai yi nufin raini ba ko kaɗan, abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa cewa Ingilishi ma yana da maganar manya da ta yara, ko da yake ba shi da "ku" na girmamawa irin namu, ba shi kuma da "vous" irin na Faransanci. Tunda "you" ɗaya ce ga sarki da talaka, girmamawar tana fitowa ne daga zaɓin sauran kalmomin.

Saboda haka, kafin ka buɗe baki, ka tambayi kanka yadda za ka yi wa mutumin magana da Hausa. Idan wanda za ka kira da sunansa ne kai tsaye, ka ce masa "kai, yau ka burge ni", to "You nailed it" ta dace da shi. Idan kuwa wanda za ka rusuna masa ne ka ce "Allah ya gafarta Malam" ko "ranka ya daɗe", sai ka ajiye ta, ka ɗauki godiya a madadinta, domin a Ingilishi ƙarami yana yabon babba ne ta hanyar gode masa da faɗin abin da ya ƙaru da shi. Ka ce "Thank you for an excellent talk, Professor", ko "I learned a great deal from your lecture", wato na ƙaru ƙwarai da laccarka. Wannan ya yi daidai da tarbiyyar da muka taso da ita a zaurukan karatu na unguwannin Birni da Zango, inda almajiri ba ya ce wa malaminsa ya iya karatu, sai dai ya ce ya amfana, ya bi shi da addu'a. Ka lura kuma cewa "Professor" a Ingilishi laƙabin malamin jami'a ne, ba a kiran malamin sakandare, wato kwalej ko lise, da shi kamar yadda ake yi da "professeur" a Faransanci.

Abu na gaba shi ne abin da za ka ɗora a kan jimlar, domin ita kaɗai ba ta isa ba. Mai jawabi yakan ji "great talk" daga bakin mutum goma kafin ya kai ƙofa, kuma ya san cewa rabinsu ladabi ne kawai ya sa suka faɗa. Abin da yake tabbatar masa cewa ka saurare shi shi ne ka ambaci wani abu takamaimai daga cikin maganarsa. A ce abokiyar karatunka ta yi bayani kan matsalar ruwan sha a Damagaram, matsalar da kowane ɗan garin nan ya san zafinta, ta kuma kawo misalin matan da suke kwana a layin famfo. Sai ka ce mata "You nailed it, the example about the women at the tap made everything clear", wato misalin nan na mata a bakin famfo shi ya fayyace komai. Ko a ce abokinka ya yi magana kan cinikin wake da dabbobi tsakanin Magarya da Kano, aka yi masa tambaya mai wuya kan canjin sefa da naira ya amsa ba tare da inda-inda ba, sai ka ce "You nailed the question about the exchange rate". Ginin ba ya canzawa: yabo a gaba, dalili guda a bayansa, sai ka tsaya. A ganina wannan ne wurin da al'adarmu ta yabo take bukatar ɗan riƙe linzami, domin mu mun saba da yabo mai tsawo, mai kirari da jerin addu'o'i, kuma yana da kyau a wurinsa, amma idan aka kwashe shi gaba ɗaya aka zuba cikin Ingilishi, baƙo daga Landan ko Niyok yakan rasa inda zai sa kansa, wani ma ya yi zaton akwai bukatar da ake share wa hanya.

Lokacin faɗa ma yana da muhimmanci. A lokacin tambayoyi, sa'ad da aka miƙa maka makirufo gaban jama'a, ba a cewa "You nailed it" ko da mai jawabin amininka ne, saboda wurin na kowa ne kuma harshensa na hukuma ne. Jimla ɗaya ta wadatar, kamar "Thank you for a very clear presentation", daga nan sai ka shiga tambayarka. Ka bar "You nailed it" sai an tashi, lokacin da ake gaisawa a bakin ƙofa ko ana shan shayi. A taron da ake yi ta Zoom kana iya rubuta ta a akwatin saƙo idan abokan aiki ne zalla, haka nan a WhatsApp bayan an watse. A wasiƙar imel zuwa ga wanda ba ku saba ba kuwa, ka rubuta "I very much enjoyed your talk yesterday", ka bi ta da abin da ka ƙaru da shi. Akwai kuma wani abin lura game da rubutu: a intanet mutane sukan rubuta "nailed it" da gatse a ƙarƙashin hoton abin da ya lalace, kamar kek ɗin da ya rushe ko ginin da ya karkace. Idan ka aika wa wanda ya san jawabinsa ya ɗan yi tangal-tangal waɗannan kalmomi biyu tsurarsu, yana iya ɗauka ba'a kake yi masa, don haka ka sa "You" a gaba, ka kuma kawo dalilinka.

Akwai jimlolin da suke kama da ita waɗanda ya kamata ka bambance. "You hit the nail on the head" ita ma da ƙusa aka gina ta, amma ba jawabi gaba ɗaya take yabo ba, tana nufin mutum ya faɗi ainihin abin da yake shi ne matsalar, ya taɓa inda yake ciwo. Za ka faɗe ta ne game da magana ɗaya, kuma tana da ɗan nauyin da ya sa ana iya faɗa wa wanda ya girme ka idan an saba. "You knocked it out of the park" daga wasan besbol na Amurkawa ta fito, inda ake buga ƙwallo da sanda har ta fice daga fili, kuma ba kowa ne zai gane ta ba a wajen Amurka. "You killed it" da "You smashed it" maganar matasa ce, ma'anarsu yabo ne duk da kisa da farfasawar da ke cikinsu, amma ina ba da shawarar ka fahimce su idan an faɗa maka, ka bar faɗinsu sai Ingilishinka ya zauna sosai.

Tarkon da ya fi kama mutanen Damagaram yana zuwa ne daga gefe biyu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Gefe na farko Faransanci ne, wanda kalmominsa da yawa suke kama da na Ingilishi a ido amma ma'anarsu ta rabu. Idan ka ce wa mutum "I liked your conference", zai ɗauka taron gaba ɗaya kake nufi, domin abin da Faransanci yake kira "conférence" idan mutum ɗaya ne ya yi magana, a Ingilishi "talk" ne ko "lecture". Idan ka ce "your exposé", ka ce masa ya tona asirin wata badaƙala ke nan, alhali "presentation" kake so ka ce. "Formidable" a Ingilishi ya fi karkata ga abu mai ban tsoro ko mai wuyar tunkara, "terrible" kuma mummuna ne ƙwarai, ba ya ɗaukar ma'anar yabo da matasa suke ba shi a Faransanci, kalmar yabon ita ce "terrific". Haka nan "I assisted your talk" yana nufin ka taimaka wa jawabin, abin da kake so ka ce shi ne "I attended your talk". Kalmar "Bravo" kuwa kana iya ɗaukarta daga can ka kawo nan ba tare da ta canza ba.

Gefe na biyu shi ne Ingilishin maƙwabtanmu na Najeriya, wanda yawancinmu muka fi ji a kasuwa da rediyo da hanyar Kano. Ingilishi ne cikakke mai dokokinsa, kuma idan da ɗan Najeriya kake magana babu laifi ka bi su, sai dai ka san inda ya rabu da na sauran duniya. A can "You tried" yabo ne na gaske, fassarar "ka yi ƙoƙari" ce kai tsaye, amma Ba'amurke ko Baturen Ingila zai ji ta ne kamar an ce masa ya gwada bai iya ba, wadda kuwa ita ce kishiyar "You nailed it" daidai wa daida. "Well done" a Najeriya takan zama gaisuwa ga mai aiki, kamar "sannu da aiki", a Ingila kuwa yabo ne bayan an kammala abu, kuma ita ma ta fi dacewa daga babba zuwa ƙarami ko tsakanin tsara. "More grease to your elbow" kuma, wadda ake jin ta a kusan kowane taro a Najeriya, baƙon da ya zo daga nesa ba lallai ya gane ta ba.

Idan mai jawabin Musulmi ne mai jin Ingilishi, daga Kano yake ko daga Pakistan, babu abin da zai hana ka haɗa "Masha Allah" da yabonka, ka ce "Masha Allah, you nailed it", kuma zai ji daɗin hakan fiye da yadda kake zato. Idan kuma Bahaushe ne ɗan'uwanka wanda ya yi jawabi da Ingilishi don baƙi, ni dai na fi son in faɗa masa jimlar Ingilishin a gaban baƙin don su ji, sannan in ja shi gefe in ce masa "Allah ya ƙara basira, ka fitar da mu kunya", domin wannan ce za ta kai masa har zuci.

Wata rana kai ne za ka sauko daga kan mumbari a faɗa maka ita, don haka ka tanadi amsa. Kunyarmu takan sa mu ture yabo mu ce "ai ba komai" ko "wane ni", amma a Ingilishi yawan musanta yabo yakan sa mai yabon ya ji kamar an ƙaryata shi. Ka ce "Thank you, that means a lot", wato na gode, wannan magana tana da girma a wurina, ko "Thank you, I am glad it was useful". Idan aikin na haɗin gwiwa ne sai ka ƙara da "It was a team effort" don ka ba abokan aikinka haƙƙinsu.

Hanyar da na ga ta fi saurin zaunar da wannan duka a baki ita ce a gwada tsakanin mutum biyu ko uku, kamar yadda ɗalibai suke taruwa bita da dare. Ɗaya ya tashi ya yi bayanin minti 2 da Ingilishi kan abin da ya sani sosai, ko tarihin fadar Sarkin Damagaram, ko yadda garin nan ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har zuwa 1926 kafin a mayar da shi Yamai, sauran kuma kowa ya yaba masa da jimla biyu, ta farko yabo, ta biyu dalili, ba tare da wani ya maimaita dalilin wani ba. A zagaye na biyu sai a ɗauka cewa mai bayanin farfesa ne baƙo mai furfura, kowa ya sake yabonsa ba tare da ya taɓa kalmar "nailed" ba. A zagaye na uku kowa ya rubuta yabon nasa a waya kamar saƙon imel, a karanta da ƙarfi, a gyara wa juna kalmomin Faransancin da suka saci hanya suka shigo.